Shirin Fita Aikin Mishan na Dogon Zango da Matsayin Koyon Hausa a Cikinsa: Waiwaye a kan 'Yan Mishan na Farko, 1841 zuwa 1932

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi matakan da Baturen ƙarni na 19 da farkon ƙarni na 20 yake bi tun daga ranar da ya nemi shiga aikin mishan har zuwa ranar da aka amince ya zauna a ƙasar da aka tura shi. An taƙaita nazarin a kan waɗanda suka nufo ƙasar Hausa ƙarƙashin ƙungiyoyin C.M.S. da S.I.M. da S.U.M. Manufar ita ce a gano gurbin da koyon harshe ya samu a cikin wannan shiri, da kuma abin da shirin ya bar wa nazarin Hausa. Maƙalar ta nuna cewa wurin da ɗan mishan ya koyi Hausa, da mutanen da suka koya masa, su ne suka fi yin tasiri a kan ingancin littattafan nahawu da ƙamusoshi da fassarorin da aka gada daga wancan zamani.

Fitilun Kalmomi: mishan, shiri, koyon Hausa, Tarabulus, ƙamus, fassara

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya karanci tarihin rubutun boko ya san sunayen Schön da Robinson da Miller da Vischer da Bargery. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne, dukkan waɗannan mutane biyar ta ƙofar aikin mishan suka shigo fagen Hausa. Galibin littattafansu na farko an rubuta su ne domin wanda zai biyo baya ya sami abin dogara kafin ya hau jirgin ruwa. Ke nan, wanda bai fahimci yadda ake shirya ɗan mishan ba, zai yi wuya ya fahimci dalilin da ya sa waɗannan littattafai suka ɗauki siffar da suka ɗauka, ko ya san inda ya kamata ya yi taka-tsantsan idan yana kafa hujja da su.

Abin da ake nufi da aikin dogon zango a nan shi ne aikin da mutum yake shiga da niyyar ƙare rayuwarsa a cikinsa, yana komawa gida hutu ne kawai bayan 'yan shekaru. Likita Miller, alal misali, ya iso a 1900, kuma a Nijeriya ya rasu a 1952. Mai irin wannan niyya dole ne shirinsa ya bambanta da na ɗan yawon buɗe ido ko ɗan kasuwa mai tafiya da tafinta.

2.0 Matakan Neman Shiga Aiki

An kafa ƙungiyar C.M.S. ta Cocin Ingila a shekarar 1799, kuma ita ce ta fi sauran tsararren tsarin ɗaukar ma'aikata. Mai sha'awa yakan fara ne da rubuta wasiƙa zuwa ga sakatarorin ƙungiyar a Landan. Daga nan sai a aika masa da takardar tambayoyi game da aƙidarsa da iliminsa da sana'arsa da halin da iyalinsa suke ciki, da kuma dalilin da ya sa yake jin an kira shi zuwa wannan aiki. Ana neman shaida daga limaman coci da wasu dattawa da suka san shi. Bayan haka sai ganawa ido da ido, sannan gwajin lafiya a gaban likitoci. Kwamiti ne yake yanke hukuncin ƙarshe: ko a karɓe shi, ko a tura shi ƙarin karatu, ko a ba shi haƙuri.

Wanda aka karɓa alhali ba shi da digirin jami'a akan tura shi kwalejin ƙungiyar da ke unguwar Islington a Landan, wadda aka buɗe a 1825. A farkon ƙarni na 19 'yan Ingila ba su cika fitowa ba, don haka ƙungiyar ta dogara ƙwarai a kan Jamusawa da suka yi karatu a makarantar mishan ta Basel. Ta wannan hanya ce J. F. Schön ya shigo. A ƙarshen shiri akan yi taron sallama, inda ake karanta wa mai tafiya umarnin kwamiti a bainar jama'a. Isarsa ƙasar aiki kuma ba ta kammala shirin ba, domin yakan zauna a matsayin ɗan gwaji har sai ya ci jarrabawar harshe, kuma ƙa'idojin ƙungiyar sun ɗaure batun aurensa da cika wannan wa'adi.

A wani ɓangaren kuma akwai ƙungiyoyin da suka bi tafarkin Hudson Taylor, wanda ya kafa mishan na cikin ƙasar Sin a 1865. Waɗannan ba su jingina da wata ɗariƙar coci guda ba, ba sa yi wa ma'aikaci alkawarin tsayayyen albashi, kuma sun fi duba ƙarfin bangaskiyar mai nema a kan takardar shaidar karatunsa. S.I.M. da S.U.M. sun fi kusa da wannan tafarki. Amfaninsa shi ne ya buɗe ƙofa ga kafinta da manomi da ma'aikaciyar jinya. Illarsa a shekarun farko kuwa ita ce gaggawa, kamar yadda za a gani.

3.0 Darasin Lafiya

Abu na farko da ya tilasta wa ƙungiyoyin gyara shirinsu shi ne mutuwa. A ayarin Kogin Kwara na 1841, wanda Schön da Samuel Ajayi Crowther suka kasance a cikinsa, Turawa sama da arba'in ne suka mutu, akasarinsu da zazzaɓi. A 1854 Dakta Baikie ya bi kogin yana ba mutanensa kwinin kullum, ya dawo ba tare da ya rasa ko mutum ɗaya ba. Duk da haka, sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar da cewa sauro ne yake ɗauke da ƙwayar cutar cizon sauro. Tsakanin waɗannan shekaru an yi ta tafiya cikin rabin sani.

A 1890 Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson suka jagoranci wani ayari na C.M.S. zuwa Lakwaja da nufin shiga ƙasar Hausa. Sun sa riga da rawani irin na mutanen ƙasa, sun duƙufa a kan koyon Hausa. Robinson ya rasu a 1891, Brooke ya bi shi a 1892. A watan Disamba na 1893 kuma wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas ba tare da wata ƙungiya ta tsaya musu ba. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham kaɗai ya koma gida. Yunƙurinsa na biyu a 1900 shi ma zazzaɓi ya katse shi. Sai a 1902 ƙungiyarsa, wadda daga baya aka sani da S.I.M., ta sami kafa tashar farko a Fategi ta ƙasar Nufe.

Likitan da ya raka ayarin Lakwaja na 1890, Dakta Harford-Battersby, shi ne ya kafa Kwalejin Livingstone a Landan a 1893, domin koya wa masu shirin fita aikin mishan ilimin kiwon lafiya na farko: yadda ake shan kwinin, da tace ruwa, da ɗaure rauni, da kula da mai atuni. Ke nan abin da ya faru a bakin Kwara ya koma Ingila ya sauya manhajar shirya 'yan mishan baki ɗaya, har da waɗanda za su tafi wasu nahiyoyi.

4.0 Koyon Hausa a Wajen Ƙasar Hausa

Matsalar harshe ta fi ta lafiya sarƙaƙiya, domin a ƙarni na 19 ƙofar ƙasar Hausa a rufe take ga ɗan mishan. An bi hanyoyi uku domin kauce wa wannan cikas.

4.1 Saliyo da Ingila

Schön ya fara tattara kalmomin Hausa ne a Saliyo, daga bakin 'yantattun bayi, a matsayin shirin ayarin 1841. Ya buga jerin kalmominsa a 1843. Da rashin lafiya ya mayar da shi Ingila, sai ya ci gaba da aikin daga can. Babbar sa'arsa ita ce zuwan Dorugu da Abbega, samari biyu da Heinrich Barth ya tafi da su Turai a 1855. Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, ya zauna a gidan Schön na wasu shekaru, kuma daga bakinsa aka sami mafi yawan labaran da suka fito a Magana Hausa a 1885. Littafin nahawu na 1862 da ƙamus na 1876 duk sun amfana da shi.

Abin lura a nan shi ne, Schön bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Hausar da ya adana ta mutane ƙalilan ce, waɗanda aka raba da gida tun suna yara. Wannan ya sa aikinsa ya zama taska mai daraja ga mai nazarin karin harshen arewa da rayuwar talaka a tsakiyar ƙarni na 19. Sai dai kuma kuskure ne a ɗauke shi a matsayin madubin Hausar malamai ko ta fada a wancan lokaci.

4.2 Tarabulus da Tunis

Bayan rasuwar J. A. Robinson an kafa Ƙungiyar Hausa a Ingila domin tunawa da shi, aka zaɓi ɗan'uwansa Charles Henry Robinson ya zama ɗalibinta na farko. Shi kuwa Arewacin Afirka ya fara nufa a 1893. Dalili shi ne, Tarabulus ita ce ƙarshen hanyar ayari da ta taso daga Kano ta bi ta Damagaram da Azbin da Gat da Gadamas. Akwai fatake da alhazai da 'yantattun bayi masu jin Hausa a birnin, ga shi kusa da Turai, ga iskar bakin teku mai sauƙi ga Bature. Daga baya Robinson ya shigo ta Kwara da Binuwai ya isa Kano a ƙarshen 1894, ya yi kimanin wata uku. Abin da ya tattara ya fito a littafinsa na samfurin adabin Hausa a 1896, wanda ya ƙunshi waƙoƙin ajami, sai nahawu a 1897, sai ƙamus mai juzu'i biyu a 1899 da 1900. An kuma naɗa shi malamin Hausa a Jami'ar Kambirij.

Wannan hanya ta Tarabulus ita Miller da abokan tafiyarsa suka bi kafin 1900. Miller ya riga ya gama karatun likita a Landan, amma ƙungiyarsa ta ga cewa shirinsa bai cika ba sai ya sami harshe. A Tarabulus ne ya haɗu da wani yaro ɗan Katsina da ke kan hanyar aikin Hajji, wanda daga baya ya zama babban mataimakinsa a fagen harshe. Karl Kumm, wanda ya kafa S.U.M. a 1904, shi ma ya je Tarabulus domin Hausa kafin ya jagoranci ayarinsa na farko zuwa Wase.

Ayarin Bishop Tugwell na mutum biyar, wato shi da Miller da Richardson da Dudley Ryder da Burgin, ya tashi daga Legas a farkon 1900. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su, amma da suka isa Kano Sarki Alu ya umarce su da su fita daga birnin. Suka koma Girku, inda Ryder ya rasu. Wannan tafiya ta nuna iyakar shirin da suka yi. Sun iya gaisuwa da ciniki da wa'azi, amma ba su karanci siyasar Daular Sakkwato ba a daidai lokacin da Lugga ya ayyana mulkin Ingila a kan Arewa, ba su kuma auna yadda sarki zai fassara zuwan Turawa biyar ba tare da izini ba. Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ko 'yan mishan sun so ko sun ƙi, a idon fada su da masu bindiga jirgi ɗaya ya kawo su.

4.3 Makarantun harshe a cikin ƙasa

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903 buƙatar zuwa Tarabulus ta kau. Miller ya zauna a cikin birnin Zariya daga 1905, har aka mayar da mishan ɗin Wusasa a ƙarshen shekarun 1920. S.I.M. ta kafa makarantar koyon Hausa a Minna, inda sabon zuwa yake zama na wasu watanni kafin a tura shi tasha. J. Lowry Maxwell na S.U.M. ya rubuta Yau da Gobe domin irin waɗannan 'yan koyo. A daidai wannan lokaci babban taron mishan na duniya da aka yi a Edinbara a 1910 ya keɓe ɗaya daga cikin kwamitocinsa takwas domin batun shirya 'yan mishan, ya kuma jaddada buƙatar koyon ilimin furuci da addinai da al'adun mutanen da za a je wurinsu.

5.0 Abin da Shirin ya Bar wa Nazarin Hausa

Na farko shi ne rubutu. Kunnen Bature ba ya saurin rarrabe b da ɓ, ko d da ɗ, ko k da ƙ, balle tsawon wasali da karin sauti. Ga mai shirin yin wa'azi wannan babban haɗari ne. Bambancin bata da ɓata, ko kafa da ƙafa, ko kasa da ƙasa, yana iya juya ma'anar jimla gaba ɗaya. Haka nan gari na zama da gari na tuwo a rubuce ɗaya suke, a baki kuwa daban. Littattafan da aka rubuta daga nesa sun yi rauni a wannan fage, kuma gyaran ya zo ne sannu a hankali gwargwadon yadda zama cikin Hausawa ya tsawaita. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya fara zuwa a matsayin ma'aikacin C.M.S. kafin ya koma aikin gwamnati, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. G. P. Bargery, shi ma tsohon ɗan C.M.S., ya nuna karin sauti da tsawon wasali a ƙamusunsa na 1934, bayan shekaru yana yawo a garuruwan Hausa yana tambayar masu harshen. Idan aka jera Schön da Robinson da Bargery, za a ga ingancin aiki yana hawa daidai da kusancin mai aikin da masu harshe.

Na biyu shi ne kalmomi. Fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito cikakkiya a 1932, wadda Miller ya ja ragamarta, ta ɗauki kalmomi da yawa waɗanda Musulunci ya riga ya shuka a cikin Hausa: Allah, Ubangiji, annabi, manzo, mala'ika, zunubi, tuba, sujada, bishara. Kalmar almajiri, wadda a ƙasar Hausa take nufin ɗalibin makarantar allo, ita aka zaɓa domin mabiyan Yesu goma sha biyu. An kuma ɗora wa wasu kalmomi nauyin da ba su saba ɗauka ba, kamar alheri da ceto. Wannan zaɓi ba zai rasa nasaba da cewa mataimakan masu fassarar mutane ne da suka tashi a makarantar allo ba, kuma jama'ar da aka yi niyyar kai wa saƙon tun farko Musulmi ne.

Na uku shi ne yaɗuwar harshen. Alkawarin da Lugga ya yi a Sakkwato a 1903, na cewa ba za a taɓa addinin jama'a ba, ya zama hujjar da gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi. Sakamakon haka, mutanen da aka shirya da Hausa domin Kano da Katsina sai suka ƙare a Filato da kudancin Zariya da Binuwai da Adamawa, a tsakanin al'ummomi masu harsuna barkatai. Tun da Hausa suka iya, kuma da ita aka buga littattafai, da ita suka yi wa'azi da koyarwa. Ta haka Hausa ta zama harshen sujada da waƙa da makarantar Littafi Mai Tsarki ga ɗimbin mutanen da ba Hausawa ba. Shirin da aka yi domin wata manufa ya haifar da abin da masu shirin ba su hango ba.

6.0 Juyawar Akala

A yau Nijeriya tana cikin ƙasashen da ke tura 'yan mishan waje. An kafa ƙungiyar E.M.S. a 1948 domin 'yan ƙasa masu bishara, kafin ma a kafa cocin E.C.W.A. a 1954. Ƙungiyar CAPRO kuma a Zariya aka kafa ta a 1975. Matakan da suke bi suna kama da na dā: shaidar coci, ganawa, horo a kan zama cikin baƙuwar al'ada, da neman masu tallafi. Wanda za a tura Nijar ko Chadi ko arewacin Kamaru yakan tarar cewa Hausar da ya tashi da ita a coci guzuri ce, ko da yake sai ya ƙara da Faransanci ko Larabci ko Fulatanci. Yakan kuma tarar da darasin da ayarin 1900 ya koya a Kano, cewa Hausar coci da Hausar zaure ba kullum suke tafiya daidai ba.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata an ga cewa shirin ɗan mishan na dogon zango ya ƙunshi tantance aƙida, da gwajin lafiya, da horo, da koyon harshe, da wa'adin gwaji a ƙasar aiki. Mace-macen shekarun 1890 ne suka ɗaga darajar shirin lafiya, korar Kano ta 1900 kuma ta fallasa giɓin da ke akwai wajen sanin siyasa da al'ada. Game da nazarin Hausa kuwa, wannan maƙala tana ba da shawarar cewa duk mai kafa hujja da Schön ko Robinson ko Miller ya fara tambayar kansa abu uku: a ina marubucin ya koyi Hausa, daga bakin wa, kuma domin wane mai karatu ya rubuta. Akwai kuma bashin da ke kan manazarta game da Dorugu da takwarorinsa na Saliyo da Tarabulus da Zariya. Sunayen Turawa ne a bangon littattafan, amma Hausar da ke ciki daga bakin waɗannan mutane ta fito. Bin diddigin karin harshensu a cikin waɗannan ayyuka, jimla bayan jimla, aiki ne da ya dace da ɗaliban digiri na biyu da na uku a sassan Hausa na jami'o'inmu.